Grande Arche: yadda aka gina ƙofar Paris mai nauyin tan dubu 300 a bisa layukan jirgin ƙasa

Wanda ya tsaya a dandalin Arc de Triomphe da ke birnin Paris ya ba gabas baya, zai hango wani farin gini can ƙarshen titi, tsakanin dogayen benayen unguwar La Défense, mai kama da dunƙulen magi da aka fafe tsakiyarsa. Wannan shi ne Grande Arche, babbar ƙofar da shugaba François Mitterrand ya ƙaddamar a ranar 14 ga watan Yulin 1989, ranar da Faransa ke bikin cika shekaru 200 da juyin juya halinta. Tsayin ginin ya kai mita 110, faɗinsa da zurfinsa ma kusan haka suke, kuma sararin da ke tsakiyarsa zai iya haɗiye majami'ar Notre-Dame ɗungurungum.

Ginin ya sake shiga bakin jama'a a shekarar 2025, bayan fitowar fim ɗin L'Inconnu de la Grande Arche na Stéphane Demoustier, wanda aka ɗora a kan littafin da marubuciya Laurence Cossé ta wallafa a 2016. Fim ɗin ya fi mayar da hankali ne a kan mutumin da ya zana ƙofar, ɗan ƙasar Danmak da ya ajiye aikin cikin fushi, ya kuma mutu bai ga kammaluwarsa ba. Sai dai labarin ya wuce na mutum guda. A cikinsa akwai duk rigimar da ke biyo bayan shawarar gina wa birni ƙofa a wannan zamani: wa zai zaɓi siffarta, me za a riƙa yi a cikinta, kuma aljihun wa za a taɓa idan duwatsunta suka fara lalacewa.

Ƙofar da ba ta da ƙyaure

A da, ƙofar gari aiki gare ta. Ana rufe ta da dare, ana karɓar kuɗin fito a bakinta, ana tsare maƙiyi a wajenta. Paris ma ta yi zamaninta na ganuwa, kuma ta ƙarshe an fara rushe ta ne a 1919. Abin da ya rage shi ne sunaye, irin su Porte Maillot da Porte de Clignancourt, kamar dai yadda a Kano ake cewa Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa ko da a wuraren da badala ta zaizaye. Ƙofar zamani ba ta da ƙyaure, ba ta da mai tsaro, ba ta hana kowa wucewa. Aikinta ɗaya ne, a gan ta a san an iso. Shi ya sa inda aka ajiye ta ya fi komai muhimmanci.

Wurin da aka ajiye Grande Arche kuwa ba ƙaramin wuri ba ne a idon Faransawa. Akwai wani miƙaƙƙen layi da ya faro daga fadar Louvre, ya ratsa lambun Tuileries, ya bi ta dandalin Concorde, ya haura titin Champs-Élysées har zuwa Arc de Triomphe, sannan ya gangara ya ƙetare kogin Seine. André Le Nôtre, mai tsara lambunan sarki Louis na 14, shi ne ya fara shata shi a shekarun 1660. Tun daga lokacin kusan duk mai mulkin da ya ji kansa ya isa sai ya ɗora wa layin wani abu. Napoléon shi kaɗai ya ba da umarnin gina ƙofofi biyu a kansa a 1806: ƙaramar ta Carrousel mai tsayin kusan mita 19, da Arc de Triomphe mai kusan mita 50, wadda ba a gama ba sai a 1836, shekaru 15 bayan mutuwarsa.

A ƙarshen layin ta yamma, kimanin kilomita 8 daga Louvre, akwai tudun La Défense, wanda ya samo sunansa daga wani mutum-mutumi da aka kafa a 1883 don tunawa da waɗanda suka kare Paris a yaƙin 1870. A 1958 gwamnati ta kafa hukumar EPAD domin mayar da wurin unguwar kasuwanci da ofisoshi. Benaye suka yi ta tashi hagu da dama, amma filin da ke daidai kan layin, wanda ake kira Tête Défense, ya kasance fayau fiye da shekaru 20, domin an kasa daidaitawa a kan abin da za a gina. Wasu na son a toshe layin da gini, a ce nan Paris ta ƙare. Wasu na son a bar shi buɗe. Manyan masu zanen gine-gine irin su Ieoh Ming Pei da Émile Aillaud sun kawo nasu tsarin a zamanin shugaba Pompidou, ba a gina ko ɗaya ba. A farkon 1981 shugaba Giscard d'Estaing ya amince da zanen Jean Willerval, sai ga shi bayan ƴan watanni ya sha kaye a zaɓe, zanen kuma ya bi shi.

Baƙon da ba wanda ya san shi

Mitterrand ya hau mulki da burin barin manyan gine-gine a bayansa. Daga cikinsu akwai dalar gilashi ta Louvre, da gidan Opéra Bastille, da sabuwar ma'aikatar kuɗi ta Bercy. Game da Tête Défense, an buɗe gasa ga duniya baki ɗaya a 1982, bisa sharaɗin cewa alƙalai ba za su ga sunan kowa ba, lamba kawai za su gani. Zane 424 aka samu. Alƙalan suka tace su zuwa huɗu, suka miƙa wa shugaban ƙasa, shi kuma ya zaɓi guda a ranar 25 ga watan Mayun 1983.

Da aka buɗe ambulan, sai aka ga sunan Johan Otto von Spreckelsen. Ana ba da labarin cewa hatta ofishin jakadancin Danmak da ke Paris bai san shi ba, kuma da aka neme shi don yi masa albishir an tarar ya tafi kamun kifi. Malami ne a makarantar koyon zane ta birnin Copenhague, ya haura shekara 50, kuma abin da ya taɓa ginawa a rayuwarsa bai wuce gidansa da majami'u huɗu ba. Ba shi da wani babban ofishi mai ma'aikata. Abokin aikinsa a gasar shi ne injiniya Erik Reitzel, ɗan ƙasarsu, wanda ya yi lissafin yadda ginin zai tsaya.

Abin da ya sa zanensa ya yi fice shi ne ya kashe tsohuwar gardamar da dabara guda. Masu son a toshe layin sun sami gini mai girman da ido ba zai tsallake ba. Masu son a bar shi buɗe sun sami rami mai faɗin kusan mita 70, kwatankwacin faɗin Champs-Élysées, wanda ido ke ratsawa ya wuce. Shi Spreckelsen bai ma cika kiran ginin ƙofa ba, akwati yake ce masa, kuma ya bayyana shi a matsayin abin girmama ɗan Adam, saɓanin Arc de Triomphe da aka gina don girmama nasarar yaƙi.

Mitterrand yana da damuwa ɗaya: kada rufin ya ɓata wa mai kallo daga Champs-Élysées faɗuwar rana ta cikin Arc de Triomphe. Don haka kafin a haƙa ko rami ɗaya, sai da aka kawo wata ƙatuwar na'urar ɗaga kaya ta ɗaga samfurin wani yanki na rufin zuwa tsayin da zai kasance, shugaban ya je ya duba da idonsa, sannan ya ce a ci gaba.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Babbar matsalar aikin ba a sama take ba, a ƙasa take. Filin da ake gani fayau, ƙarƙashinsa cike yake da hanyoyi: layin jirgin RER A mai ɗaukar ɗimbin ma'aikata kowace safiya, da ramukan babbar hanyar mota ta A14, da wurin da aka tanada wa layi na 1 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya iso unguwar a 1992, ga kuma layin dogo a gefe. Ba a isa a tsayar da ko ɗaya ba, ba a isa a kauce da su ba. Ke nan ginin da nauyinsa ya kai tan dubu 300 dole ya sami wurin taka ƙafa a ƴan tsirarun guraben da suka rage tsakanin waɗannan ramuka.

Ginshiƙai 12 kacal aka samu damar kafawa, kowanne ya nutse kimanin mita 30 har ya tarar da dutse. Idan aka raba nauyin daidai, kowane ginshiƙi na ɗauke da tan dubu 25, wato kusan ninki biyu da rabi na nauyin hasumiyar Eiffel gaba ɗayanta.

Wannan ne kuma ya haifar da abin da duk mai lura ke gani: ƙofar ba ta fuskanci layin kai tsaye ba, ta ɗan karkace da digiri 6 da ɗoriya. Da an miƙar da ita sak, da wasu ginshiƙan sun faɗa tsakiyar hanyar jirgi. Abin da ya faro a matsayin tilas sai ya zama ado, domin karkacewar ce ke ba mai kallo daga Paris damar ganin zurfin ginin, ya gane akwati ne ba allo ba. An kuma lura cewa tsohon filin tsakar fadar Louvre, a ɗaya ƙarshen layin, shi ma ya karkace da kusan wannan awo, lamarin da ya ba masu kare zanen hujjar cewa ƙarshe ya amsa wa farko.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ginin ba a manne yake da ginshiƙansa ba. Ajiye shi aka yi a kansu, a tsakani kuma aka shimfiɗa matasai na roba mai tauri da ake kira neyofiren. Dalili biyu ne. Na farko, jiragen da ke wucewa a ƙasa suna girgiza ƙasa, robar ce ke shanye girgizar kafin ta kai ga ofisoshi. Na biyu, kankare yana miƙewa idan ya sha zafi, ya tsuke idan sanyi ya kama shi. A ƙaramin gida ba a ji, amma a gini mai tsawon fiye da mita 100 motsin ya isa ya tsaga bango idan ba a bar masa wurin numfashi ba. Nauyin ginin shi ne ke riƙe da shi a wurinsa.

Yadda aka ɗora rufi a kan iska

Kamfanin Bouygues ne ya sami kwangilar, aka fara aiki a 1985, kuma ma'aikata kusan 2,000 ne suka yi aiki a wurin. Biyu daga cikinsu sun rasa rayukansu.

Ƙashin bayan ginin wasu manyan zobba ne guda huɗu masu kusurwa huɗu, na kankare, a jere da juna da tazarar mita 21. Kowane zobe ya bi ta ƙarƙashin dandamalin ƙasa, ya haura ta bangon kudu, ya ƙetare ta rufi, ya sauko ta bangon arewa. A cikin bangayen biyu aka saƙa benaye hawa 35 na ofisoshi. Wato abin da mai kallo ke ɗauka bango ne, a gaskiya dogon bene ne siriri.

Ƙetarewar ta sama ita ce mai wuya. Ana buƙatar katakon kankare da zai miƙe mita 70 ba tare da wani abu ya tallafe shi a tsakiya ba, a tsayin da ya haura mita 100, kuma ya ɗauki rufin da ya kai faɗin hekta guda. Kankare abu ne mai jure danniya, amma ba ya jure ja. Idan aka shimfiɗa shi a tsakanin bango biyu, nauyinsa na sa tsakiyar ta lotsa, ƙasan ya buɗe, ya tsage. Maganin da injiniyan Faransa Eugène Freyssinet ya yi wa rajista tun 1928 shi ne a matse kankaren tun kafin a ɗora masa kaya. Ana barin bututu a cikinsa lokacin zubawa, a zura igiyoyin ƙarfe, idan ya bushe sai a ja igiyoyin da jak mai ƙarfin gaske a ɗaure bakinsu. Misalinsa shi ne mutum ya jera tubala biyar a kwance, ya matse su da tafukansa ta gefe da gefe ya ɗaga: muddin yana matsewa, na tsakiya ba zai faɗi ba. Igiyoyin su ne tafukan, kuma ba sa gajiya.

Ba a ƙera waɗannan katakai a ƙasa aka ɗaga su ba, domin babu na'urar da za ta iya. Can sama aka kafa musu ma'auni na ƙarfe, aka riƙa tura kankare ta bututu ana zubawa kashi-kashi. Kafin rufin ya haɗe, bangayen biyu tsaye suke kowanne shi kaɗai, iska na kaɗa su, don haka sai da aka tokare su da ƙarafa na wucin gadi. Ranar da aka cire tokaran ne ginin ya fara aiki yadda Reitzel ya lissafa, a matsayin abu guda da kowane sashe ke riƙe da ɗan'uwansa.

Akwai kuma iska. Rami irin wannan a kan tudu mazurari ne, iskar da ta shiga sai ta ƙara gudu. Shi ya sa aka kakkafa allunan gilashi a dandamalin, aka kuma rataya wata rumfa da ake kira gajimare a tsakiyar ramin. Injiniya Peter Rice ɗan ƙasar Ailan ne ya tsara ta, da wani yadi na zaren gilashi da aka shafe da Teflon, aka ɗaure shi da igiyoyin ƙarfe. Rumfar tana da wani amfanin ban da kariya: ita ce ke ba ido ma'auni, domin in ba ita, mutum ba ya gane girman abin da yake tsaye a cikinsa.

Ranar da siyasa ta juya

Tun farko ba ofisoshi kaɗai aka yi niyya ba. Zuciyar aikin ita ce wata cibiyar sadarwa ta ƙasa da ƙasa, Carrefour international de la communication, da za ta zauna a rufi da ƙasan ginin, inda jama'a za su riƙa shiga suna ganin sabbin fasahohin watsa labarai. Gaskiyar magana, ko masu goyon bayan cibiyar ba su taɓa fayyace abin da za ta riƙa yi ba dalla-dalla. An zaɓi siffar ginin da zumuɗi, amfaninsa kuwa aka bar shi sai daga baya, kuma nan ne raunin aikin yake.

A watan Maris na 1986 jam'iyyun dama suka lashe zaɓen ƴan majalisa, Jacques Chirac ya zama firaminista, Mitterrand ya rage a fadar Élysée ba tare da iko a kan kasafin kuɗi ba. Sabuwar gwamnati, wadda Alain Juppé ke riƙe mata da kasafi, ta soke cibiyar sadarwar, ta ce ginin ya nemi kuɗinsa a kasuwa. Robert Lion, shugaban asusun ajiya na gwamnati wato Caisse des dépôts, wanda ke jagorantar kamfanin da ke kula da aikin, shi ya yi ta faɗi tashin nemo masu sayen ofisoshi don kada aikin ya tsaya. Masu zuba jari kuma suna son filin haya mai yawa, saboda haka ƙananan akwatunan da Spreckelsen ya zana a gefen babban suka koma wasu manyan gine-gine da wani daban, Jean-Pierre Buffi, ya zana.

Dama can akwai tsamin dangantaka. Spreckelsen mutum ne da ya saba da ƙaramin aiki, inda yake zaɓen kowane dutse da hannunsa. Ya so a manna gilashin bangon waje da gam, ya zama sumul ba a ganin ƙarfe, amma dokokin gini na Faransa a lokacin ba su amince da wannan dabara ba. Ya yi ta jayayya a kan irin farin dutsen mabul da za a ɗauko daga Carrare ta ƙasar Italiya. A gefe guda kuma ga Paul Andreu, wanda ya zana tashar farko ta filin jirgin saman Roissy-Charles-de-Gaulle, da aka haɗa su aiki domin ya san dokoki da ƴan kwangilar ƙasar, kuma shi ke ɗauke da nauyin ganin an gama kafin 14 ga Yulin 1989.

A watan Yulin 1986 Spreckelsen ya ajiye aikin ya koma gida. Ya mutu a watan Maris na 1987. Andreu ne ya ƙarasa ginin.

Abu ne mai sauƙi a mayar da labarin na mai gaskiya da azzalumai, amma bai cika zama haka ba. Ba don taurin kan Spreckelsen ba, da an cika ramin da ofisoshi ko an rage masa tsayi tun a shekarar farko. Ba don Andreu da Lion ba kuma, da watakila abin da ke wurin a yau bangaye biyu ne marasa rufi. Wanda ya fi cancantar zargi shi ne tsarin da ya jingina aikin shekara shida a kan son zuciyar mutum ɗaya, alhali an san akwai zaɓe a tsakiya.

Buki, sannan lissafi

An gama a kan lokaci. Daga 14 zuwa 16 ga Yulin 1989 shugabannin ƙasashe bakwai mafiya arziki suka yi taronsu a saman rufin, ciki har da George Bush na Amurka, da Margaret Thatcher ta Birtaniya, da Helmut Kohl na Jamus ta Yamma. A wannan taro ne aka kafa hukumar GAFI mai yaƙi da halasta kuɗin haram, wadda har yau jerin sunayenta ke hana ministocin kuɗi na ƙasashen Afirka barci. A daidai waɗannan kwanaki shugaba Abdou Diouf na Senegal da takwarorinsa na Masar da Venezuela da firaministan Indiya, waɗanda aka gayyato bikin, sun nemi a kira taro tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta, amma ba su sami kujera a saman ƙofar da aka raɗa wa sunan ƴan'uwantaka ba. An buɗe wa jama'a ginin a ƙarshen watan Agusta.

Daga nan matsaloli suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatan gwamnati da aka zuba a bangon kudu, inda ma'aikatar ayyuka ta tare, wadda a yau ta koma ta muhalli, sun yi ta kukan ƙananan ofisoshi, da rufin ɗaki mai taɓa kai, da dogayen lunguna marasa taga. Ba abin mamaki ba ne, tun da kaurin bangon an yanke shi ne don ya yi kyau daga nesa, ba don jin daɗin mai zama a ciki ba.

Sai dutsen. Mabul yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana shan ruwa. Ruwan sama ya shiga, sanyin hunturu ya daskarar da shi, zafin bazara ya busar, hayaƙin motoci ya ƙara nasa. Cikin ƴan shekaru fale-falen suka fara lanƙwashewa suna dusashewa, har aka shiga fargabar faɗowarsu a kan masu wucewa. A watan Afrilun 2010 kuma wani ƙarfe ya ɓalle daga ɗaya daga cikin na'urorin da ke hawa da baƙi sama ta tsakiyar ramin. Ba wanda ya ji rauni, amma an rufe rufin, gidan tarihin kwamfuta da ke can ya tashi.

Gyaran da kamfanin Eiffage ya yi daga 2014 zuwa 2017, wanda ya shafi bangon kudu da rufi, ya ci Yuro miliyan 192, kwatankwacin miliyar 126 na kuɗin CFA. An ɓamɓare mabul ɗin Italiya, aka maye gurbinsa da farin dutsen giranit da aka ɗauko daga jihar Vermont ta Amurka, wanda ba ya shan ruwa kamar na farko. Ginin bai cika shekara 30 ba aka sake masa fata. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ginin ba na mutum ɗaya ba ne: sayar da shi kashi-kashi da aka yi a 1986 don ceto aikin ya sa gwamnati ke da kudu da rufi, ƴan kasuwa ke da arewa, kuma kowane gyara sai an zauna an daidaita.

An sake buɗe rufin a watan Yunin 2017, da wurin cin abinci da zauren nuna hotuna. Baƙi ba su zo yadda aka yi hasashe ba, annobar korona ta ƙara karya kasuwar, kuma a ƙarshen watan Afrilun 2023 aka rufe shi ga jama'a.

Biranen Afirka ma sun shiga wannan sahu, kowanne gwargwadon ƙarfinsa. Accra tana da ƙofarta mai baƙin tauraro a dandalin ƴancin kai, Abuja tana da tata a kan hanyar filin jirgin sama, Dakar kuma ta ƙaddamar da Porte du Troisième Millénaire a 2001, wadda Pierre Goudiaby Atepa ya zana a bakin teku. Bambancinsu da ta Paris shi ne su alama ce zalla, ba a ɗora musu nauyin zama ofis ko ciyar da kansu ba, don haka ɗawainiyarsu ba ta kai ko kusa ba. Amma tambayar dutse da yanayi tana nan: abin da ruwa da sanyi suka yi wa mabul a Paris, gishirin teku na yin irinsa a Dakar, rana da ƙurar hunturu na yi a Sahel.

A yau abin da ya fi aiki a Grande Arche shi ne abin da ba a sayar da tikitinsa: matakalar da ke gabanta. Da tsakar rana ma'aikatan unguwar kan zauna a kai suna cin abinci, suna kallon layin Le Nôtre har zuwa Arc de Triomphe. Wanda ya haura ya ratsa ramin ya leƙa ta baya kuwa, abin da zai fara gani maƙabartu biyu ne, ta Puteaux da ta Neuilly, da wata doguwar gada ta katako da ta bi ta samansu ta tsaya a sarari. Bayansu sai garin Nanterre, inda har farkon shekarun 1970 dubban ma'aikata ƴan Aljeriya da Maroko da Fotugal ke zaune a bukkokin kwano da katako. Nan ne hukumomi ke ci gaba da jan layin zuwa kogin Seine, kuma a nan aka buɗe babban zauren Paris La Défense Arena a 2017, inda aka yi gasar ninƙaya ta wasannin Olamfik na 2024.